Shekara biyu ina kwana a ƙarƙashin tafki ban sani ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin na zaftarewar ƙasar da ta same mu a unguwar Mbankolo ta Yawunde a 2023 amma duk sanda na ɗauko waya na fara sai in goge in ce bari sai gobe. Abin da ya tado min shi bidiyoyin Mokwa ne ta jihar Neja, ruwan nan da ya afka wa Unguwar Hausawa da Tiffin Maza a ƙarshen watan Mayu na 2025 ya ci mutum sama da 150, wani ya turo a gurup ɗinmu na WhatsApp na buɗe ban san me ke ciki ba, ina ganin mutane suna tonon laka da hannu wallahi sai na ji warin jar ƙasa jiƙaƙƙiya a hancina, ina zaune a kan moto, wato babur ɗina, a unguwar Mokolo sai da na sauka na nemi dakali na zauna. Tun ranar abin yake cina, to yau dai Allah ya nufa.

Ni haifaffen Garwa ne a arewacin Kamaru, kakanmu daga Kano ya zo da fatauci ya zauna, babanmu mahauci ne. Duk wanda ya tashi a Garwa ya san ruwa, Binuwai na nan a gefenmu, damina in ta yi nisa wajen Agusta zuwa Satumba kogi ya cika ya fara hawowa, kuma muna da yadda muke da shi, a kafa kara a bakin ruwa da yamma da safe a je a duba ya hau ko ya sauka, in ya matso a kwashe tabarmi da buhun hatsi da awaki a koma tudu. Ruwanmu yana sallama kafin ya shigo. Na san ya sha yin ɓarna, 2012 ma ya yi mana ba kaɗan ba, amma dai daga ƙasa yake tasowa kana kallonsa. To da wannan ilimin na zo kudu, a kaina in dai kana kan tudu kai da ruwa sai dai ka ji labari.

2014 na sauka Yawunde wajen kawuna a Birikiteri, wadda muke cewa Birik, unguwar Hausawa kenan, wanda ya san garin ya san nan ne wajen tsire da teloli da masu shadda. Na yi shekara uku ina yanka albasa ina juya nama a tukubar kawu, daga baya na shiga adashi na haɗa da ɗan abin da na tara na sayi moto na fara bensikin, wato acaɓa a bakin mutanen Najeriya. Sana'ar nan ita ta sa na san garin lungu lungu, Tsinga, Mokolo, Madagaskar, Site Vert, Melen, Mvog-Ada, ba inda ban kai fasinja ba. Garin tsaunuka bakwai suke ce masa kuma gaskiya sun fi bakwai, ko ina hawa ne da gangara, birki kam muna cinsa.

Na yi aure ƙarshen 2019, Allah ya ba mu ƴa mace. Ɗaki ɗaya kawu ya ba mu a gidansa, kuma ya kyauta wallahi, amma gidan mutum kusan talatin banɗaki ɗaya, yau a yi faɗa kan igiyar shanya gobe kan layin famfo, matata mai haƙuri ce amma na ga tana ramewa. Na fara neman ɗaki a cikin Birik, duk wanda na samu kuɗinsa ya fi ƙarfina kuma sai ka biya wata shida ko shekara a dunƙule ga na dillali. Wani abokin sana'a yace min akwai ɗaki a Mbankolo sefa dubu 12 a wata kuma mai gidan zai karɓi wata biyu kawai. Na je na gani. Ɗaki ne da ƴar baranda, rabinsa bulon ƙasa rabinsa katako irin wanda ake cewa karabot, rufin kwano, ga iska ga ayaba ko ina ga gwaza da rogo a bayan gidaje kamar ƙauye, kuma minti kaɗan ne a moto zuwa masallacin Tsinga. Na tambayi mai gidan wuta, na tambaye shi ruwan sha, na tambaye shi ɓarayi. Ban tambaye shi me ke sama da mu ba, don tambayar ma ba ta zo min a rai ba. Muka tare a 2021.

Bari in kwatanta muku wurin don wanda bai taɓa zuwa kudu ba. Mbankolo tsauni ne babba a arewa maso yammacin gari, cikin Yawunde ta biyu, ƙaramar hukuma ɗaya da Birik ɗin ma. Gidaje a jikin gangaren suke kamar an jera kwanuka a kanta, mutum zai sayi ɗan fili a karkace sai ya sa diga ya yanke jikin tudun ya baje ya samu inda zai kafa ɗaki, sai ya zama bayan ɗakinka bangon jar ƙasa ne a tsaye wanda ya fi ka tsawo, kuma a kan wannan bangon wani ya kafa nasa ɗakin, shi ma a bayansa haka. Tsakar gidan na sama daidai rufin na ƙasa. Namu yana kusa da wani ɗan kwari da ƙaramin rafi ke bi, da rani yaro ma tsallake shi yake, mata na wanki a ciki. Ni da na ga rafin har daɗi na ji nace ga ruwan wanke moto kyauta.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa da mu wata tsohuwa ce Kirista ƴar ƙabilar Eton, tana soya makala, wato fanke, da wake da safe a bakin hanya, kowa Mama yake ce mata. Ni kuma Alaji take ce min, a kudu duk ɗan arewa Musulmi Alaji ne ko bai taɓa ganin jirgi ba. Tana riƙe da jikanta namiji ɗan shekara biyar, uwarsa na aiki a Duwala. Matar nan abin da ta yi mana ko ƴar uwa ta jini sai haka. Matata ba ta jin Faransanci sosai lokacin, Mama ce ta dinga raka ta awo da rigakafi, ita ta koya mata cinikin kasuwar Mokolo, da azumi in ta soya makala da yamma sai ta aiko jikan da kwano tace a ba Alaji ya sha ruwa, ta ware tukunya guda tace wannan ba ta taɓa ganin alade ba don mu ci hankali kwance. Ƴata kuwa da ta fara tafiya, da ta farka sai gidan Mama, can take wuni.

Ba zan ce ban taɓa jin labarin zaftarewar ƙasa ba, ƙarya ne. Oktoba 2019 ƙasa ta rufta a unguwar Gouache ta Bafusam da daddare mutane na bacci, mutum 43, yawancinsu yara, har aka yi ranar makoki ta ƙasa. Nuwamba 2022 kuma a cikin Yawunde ɗin nan a unguwar Damas mutane na zaune a rumfunan zaman makoki bangon ƙasa ya faɗo musu kusan mutum 15 suka tafi, ranar ni da kaina na kai fasinja kusa da wurin na ga motocin asibiti. Na yi salati na yi Allah ya kyauta na dawo ɗakina da ke jikin bangon ƙasa na kwanta. Ban haɗa biyun ba ko kaɗan, gani nake abin wasu ne.

Damina babba a can daga Satumba ne zuwa Nuwamba, kuma ta 2023 ta zo da ƙarfi. Tun ƙarshen Satumba matata take ce min Malam ƙasan ɗakin nan fa yana tsattsafo da ruwa ta bayan gado, nace danshi ne kawai na sayo leda na shimfiɗa. Ƙofa ta fara cijewa ba ta rufuwa sai an daka mata kafaɗa, na ari abin fiƙe katako wajen kafinta na rage mata baki. Wata rana Mama ta tsayar da ni ina wanke moto tace Alaji ka ga ruwan nan, in ka ga ya yi ja ya yi kauri yana kawo ganyen ayaba da itace kada ka yi bacci mai nauyi. Nace to Mama, na yi dariya, a zuciyata ina cewa ni da na taso a bakin Binuwai za a ba tsoro da wannan ɗan rafin.

Ranar Lahadi 8 ga Oktoba 2023. Na fita aiki da safe, Lahadi akwai ciniki saboda masu zuwa coci da masu ziyara, da la'asar na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen tsaunin Febe nace bari in gudu gida. Ina kafe moto a baranda ruwa ya sauko. Ruwa ne irin wanda in yana dukan kwano sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, kuma bai tsagaita ba awa ɗaya awa biyu yana nan kamar yanzu ya fara. Aka ɗauke wuta. Ƴata tana gidan Mama tun rana, nace wa matata a bar ta can sai ruwa ya ɗauke, tace a'a ba ta ci abinci ba kuma sanyi zai kama ta, ta yafa buhu a ka ta sauka ta ɗauko ta. Har na yi mata faɗa kan ta jiƙa yarinya. Ta ce min ta tarar da Mama tana jiƙa fulawar gobe jikan yana kwance a kan tabarma, har Mama tace ki bar ta ta kwana mana.

Na yi magariba a ɗaki, duhu ya shiga, muna zaune da tocilan waya yarinya na kan cinyar uwarta ana ba ta shinkafa. Sai na ji wata ƙara. Na sha ƙoƙarin kwatanta ta ban taɓa dacewa ba, ba tsawa ba ce don tsawa tana bugawa ta wuce, wannan tana ƙaruwa ne, kamar tirela goma cike da duwatsu suna gangarowa ba birki, ga ƙarar itace na karyewa ga kwano na yagewa, kuma ƙasan da nake zaune a kai tana rawa. Matata tace Malam mene ne wannan, ban ba ta amsa ba na fizgi yarinyar na buɗe ƙofa, ƙofar nan da na rage wa baki, da ban rage ba wataƙila da ba ta buɗu ba, Allah ne ya san daidai. Ina haska waje na ga moto babu, barandar ma rabinta babu.

Abin da na gani yana wucewa ta kwarin nan ba zan kira shi ruwa ba. Kamar kunu ne mai kauri ja, yana tafe da duwatsu manya da kututturan ayaba da katako da katifu, tsayinsa ya kai rufin ɗakin Mama, ina nufin inda rufin yake a da. Niyyata ta farko in gangara ƙasa wajen titi don nan ce hanyar da ƙafata ta saba, matata ce ta riƙe min riga tana ihu tana nuna gefe, muka bi ta bayan ɗakin muka kutsa cikin gonar gwaza a karkace muna rarrafe, yarinya a ƙirjina hannu ɗaya na riƙe ta ɗayan ina kama duk abin da na samu, laka na zame mana, wani kwano da ya fizgo ya yanke matata a ƙwauri ba ta ma sani ba sai daga baya. Muka kai wani gidan siminti da ke can gefe a ɗan sama, mutanen gidan suka jawo mu ciki. Duk abin nan ban jin ya kai minti biyar. Da mun bi hanyar titi da ba ni nake rubuta wannan ba, don nan ne lakar ta bi.

Da ƙarar ta lafa sai kuka. Ta ko ina a cikin duhu mutane na kiran sunaye, da Faransanci da Ewondo da yarukan da ban sani ba, wata mata tana kiran suna ɗaya tak ba ta fasa ba har asuba. Na bar matata da yarinya na fito muka haɗu da samarin unguwa, ba mu da komai sai tocilan waya da fartanya biyu uku da shebur ɗaya, sauran hannu. Kana taka lakar ka nutse har cinya, in ka ciro ƙafa takalmi ya zauna a ciki, ga ƙusoshi ga gilashi, kuma ruwa bai daina ba. Wani yace a yi shiru a saurara, muka yi tsit, muka ji nishi a ƙarƙashin wani rufi da ya kife, muka ɗaga kwanon mu wajen takwas muka ciro wani mutum da rai ƙafarsa a karye, yana fitowa yace matarsa da yara biyu suna ciki. Mun tona. Ba zan faɗi yadda muka same su ba.

Ni inda nake ta komawa wajen ɗakin Mama ne, amma wurin ya zama fili, ko tubali ɗaya babu, kaskon suyarta kawai na gani ya maƙale a jikin wani dutse. Masu kashe gobara da sojoji da ƴan agaji sun iso cikin dare, sun yi aiki tsakani da Allah, sai dai mota ba ta iya shiga wurin saboda hanyar ƙafa ce kuma ta cushe, da hannu da shebur su ma suka yi yawancin aikin, gawa kuma a ɗauko ta a kan ƙyaure ko a zani a gangaro da ita titi. Da gari ya waye ne na ga girman abin, an share layi guda daga sama har ƙasa, gidaje wajen talatin, ja wur kamar an fere jikin tsaunin da wuƙa.

Da hantsi aka samu Mama can ƙasa nesa da ɗakinta sosai, da zaninta na gane ta. Jikan sai washegari. Uwarsa ta taho daga Duwala a motar dare tana tsaye a wurin aka ciro shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaron nan shi ke riƙe hannun ƴata in za su tsallaka rafi.

Ranar Litinin ministan harkokin cikin gida Paul Atanga Nji ya zo wurin, lissafin da aka bayar ya kai 23, sai 27, har ya kai wajen mutum 30. A ranar ne kuma na fara jin kalmar tafki. Ina tsaye jikina duk laka wani dattijo ɗan asalin unguwar yana yi wa ƴan jarida bayani cewa bangon tafkin sama ne ya fashe, nace masa baba wane tafki? Ya dube ni yace ɗana a nan kake zaune? Ashe a can sama da mu akwai wani tsohon tafki da mutum ya tare da bango, tsofaffin wurin suna cewa tun zamanin Jamusawa aka gina shi, su kuwa Jamusawa tun 1916 suka bar Kamaru, ku lissafa shekarun. Ruwan ranar ya cika shi ya fi ƙarfin bangon, bangon ya buɗe, ruwan ya gangaro gaba ɗaya ya kwashi ƙasar da ta riga ta jiƙe sharkaf da duwatsu da bishiyoyi ya zubo mana. Ɗan rafin da nake wanke moto a ciki daga can yake fitowa. Shekara biyu ina kwana da iyalina a ƙarƙashinsa, ni da nake alfahari na san kowane lungu na Yawunde, ban taɓa hawa sama da ɗakina na ga me ke can ba, saboda fasinja bai taɓa cewa in kai shi ba.

An ɗinke wa matata ƙafa ɗinki tara, muka koma Birik gidan kawu da kayan jikinmu kawai. Kawu da ya gan mu bai ce komai ba ya rungume yarinyar ya fashe da kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Jama'ar masallacinmu suka yi karo karo, wani ya kawo katifa wani buhun shinkafa, teloli suka ɗinka mana kaya kala bibbiyu ba su karɓi ko sisi ba, ƴan adashinmu na bensikin suka ce in ɗauki kwasar watan duk da ba layina ba ne. Allah ya saka musu da alheri. Da aka tashi kai Mama ƙauyensu wajen Obala na bi su, na zauna a bayan coci har aka gama, wasu a Birik sun yi min magana a kan haka, nace musu matar da ta ware min tukunya saboda addinina ba zan kasa raka ta ba, kuma har yau ban ga laifin abin da na yi ba.

Bayan wata ɗaya na ɗauki wani tsohon birkila a aron moto, hira ta kawo mu kan Mbankolo, mutumin nan ya ba ni karatun da na so a ce na samu tun 2021. Yace jar ƙasar nan ta Yawunde a kan dutse take zaune kamar tuwo a kan faranti, in ruwa ya yi kwana da kwanaki tana sha tana ƙara nauyi, ruwan ya ratsa har ya kai kan dutsen ya rasa wajen shiga sai ya kwanta a tsakani ya zama kamar an zuba miyar kuɓewa a ƙarƙashin tuwon, faranti kuma a karkace. Saiwar bishiya ce ke ɗan riƙe ta, mun sare mun yi gawayi mun shuka rogo. Gindin gangaren ne ke tokare ta, mun yanke shi da diga mun kafa ɗaki. Yace ƙofar da ta cije da ruwan da ke tsattsafowa ta ƙasan ɗaki duk magana ce ƙasa take yi, tana motsi a hankali ginin yana karkacewa, haka in ka ga tsaga sabuwa a bango ko a tsakar gida, ko ayaba da sandar wuta sun sunkuya. Har ya ƙara min wadda ta fi ba ni tsoro, yace in ana tsaka da ruwa ka ga rafi ya ragu maimakon ya ƙaru to wani abu ya toshe shi a sama, yana tarawa ne, ka kwashi yaranka a lokacin. Kuma gudun laka gefe ake yi a hau sama, wanda ya gangara gabanta ba zai tsere mata ba, wanda ya iya iyo ma ba ta san shi ba don nauyinta ya kusa ninka na ruwa ga duwatsu a ciki. Nace masa matata ba ta yi boko ba amma ita ta ja ni gefe, yace to ka riƙe ta da kyau.

Wani abu kuma da ya faɗa sai da na gan shi bayan shekara. Yace ƙasa in ta zafto sau ɗaya ba ta gama ba. Ranar 5 ga Nuwamba 2024 a gangaren Dschang a yammacin Kamaru kan hanyar da ke sauka Santchou ƙasa ta zubo ta tare titi, aka kawo katafila ana kwashewa motocin fasinja sun yi layi suna jira, sai ta biyu ta zubo ta rufe masu aikin da motocin. Da na ji sai na tuna mu a daren nan muna tono a gindin gangaren da bai gama zubowa ba ruwa na sauka, ba wanda ya ɗaga kai ya duba sama. Ko da na sani ina jin da zan tona ɗin dai, amma da mun sa mutum ɗaya ya tsaya da tocila yana kallon tudun.

Abin da ya ƙona min rai bayan abin shi ne maganganun mutane a Facebook, wai wa ya aike su, wai ai an san wurin haɗari ne, wai taurin kai ne. Eh gaskiya ne wurin bai dace da gini ba, kuma an rushe gidajen da suka rage a layin daga baya, ban ce kada a rushe ba. Amma mai rubuta wannan maganar daga ɗakinsa mai tayil ya taɓa zama da mata da jariri a gidan mutum talatin? Mama makala take sayarwa ɗaya sefa 25, a ina ake so ta kama haya, Bastos unguwar masu kuɗi? Ba wanda ke ɗaukar ɗansa ya kai bakin mutuwa da gangan, arha ce ke kai mu, kuma yawancinmu ƴan haya ba wanda ya taɓa ce mana ga abin da ke sama. Mai gidan da ya karɓi kuɗina wata 26 a unguwar aka haife shi, ya san da tafkin, ko sau ɗaya bai ambata ba. Na yafe masa don shi ma ya rasa ƴar ƙanwarsa a daren, amma na so a ce ya faɗa.

Namu mutanen kuma kowa ya zo jaje sai yace ƙaddara ce, kuma na yarda, wallahi na yarda, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake zai tafi. Sai dai ni na san akwai tambayar da ban yi ba, kuma imani da ƙaddara bai hana ni yin ta ba, rashin sani ne da kuma raina ƙaramin rafi. Mu ƴan arewa da muke ta sauka kudu neman abinci, Yawunde, Duwala, Bafusam, Bamenda, Limbe, mun taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in za mu kama ɗaki ƙasa muke dubawa ko ruwa na kwanciya. Don Allah in ɗakin a jikin tudu yake ka hau da ƙafarka har sama kafin ka ba da kuɗi, ka bi rafin ka ga daga ina yake, ka samu tsohon unguwa ka gaishe shi ka tambaye shi.

Yanzu muna Birik, na samu ɗaki ƙarami kusa da kawu, tsada amma ina biya, na kusa gama biyan bashin sabon moto. Matata ta warke sai tabo. In hadari ya haɗo ba ta iya zama, sai ta haɗa takardunmu a leda ta sa wa yarinya takalmi ta zauna a bakin ƙofa har ruwa ya ɗauke, ni ma ba na hana ta don nima in tirela ta wuce da dare sai na farka. Yarinyar ta yi wata da watanni tana tambayar yaushe za a je gidan Mama, yanzu ta daina, ban sani ba ko ta manta ne.

Kafin shekarar da abin ya faru ta fita na koma Mbankolo ni kaɗai. Na ajiye moto a titi na bi layin da lakar ta share na hau, na wuce inda ɗakin Mama yake, na wuce namu wanda bango ɗaya ya rage da ƙusar da nake rataye hula, na ci gaba da hawa ina riƙe ciyawa. Na duba agogon waya, minti goma sha huɗu daga ƙofar ɗakina na isa. Wani kwano ne na ƙasa, ba shi da wani girma, laka ta bushe ta tsattsage a cikinsa, ga ɓarin bangon nan a buɗe ta gefen da ke kallon unguwa. Na tsaya a bakin wurin da ya fashe na leƙa ƙasa, daga nan ana hango bangon ɗakina sarai.